Ƙidayar Namun Daji da Amanar Dajin Rugu

Ko daidai ne mutum ya ƙarar da shekarunsa yana ƙidayar namun daji, alhali kuwa 'yan Adam suna cikin wahala? Mutumin Batsari ko Safana yana da ikon yin wannan tambaya da zafin rai, gama dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, iyalai da yawa kuma sun bar gonakinsu. Ba za mu raina kukansa ba. Ran mutum shi ne gaba.

Duk da haka, bari mu leƙa maƙwabta. A shekarar 1996, raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kudu maso gabashin Yamai, su ne kuwa ragowar irinsu a dukan Afirka ta Yamma. Masu bincike suka riƙa binsu shekara da shekaru, suna gane kowanne da zanen jikinsa, gama babu biyu masu zane iri ɗaya. Suka san inda suke kiwo da damina da rani, da gonakin waken da suke yi wa ɓarna. Da wannan sani aka zauna da manoma aka nemi maslaha. Garken ya haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Haka kuma a gandun Yellowstone na Amurka, an daɗe ana ƙidayar wata irin babbar barewa mai ƙaho reshe-reshe, shi ya sa da aka mayar da kyarketai wurin a 1995, aka iya auna yadda garken ya ragu.

Littafin Farawa ya koya mana cewa an sa mutum cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. To, makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ta yaya zai gane ranar da ɗaya ta ɓata? A ganinmu sakacin da ya bar namun Rugu suka ƙare a hankali, shi ne ya bar dajin babu mai lura, har mugaye suka gaje shi. Manomi da makiyayi ne suke biyan bashin.

Tsofaffin maharba da makiyaya na Runka da Ruma suna tuna inda gwanki da barewa suke shan ruwa, da watan da suke haihuwa. Waɗansunsu yanzu suna gudun hijira a cikin gari, kusa da mu. Yaranmu masu boko suna da alƙalami da takarda. Su je su gaishe su, su tambaya, su rubuta sunan kowane tafki da dabbar da aka gani a bakinsa.