Ciki Amana Ne: Nasiha Ga Mai Fama Da Rikicewar Hanji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wata larura wadda masu ita suke da yawa a cikinmu, amma kunya ta hana su buɗe baki. Akwai bayin Allah, maza da mata, waɗanda cikinsu ba ya zama lafiya: yau murɗa, gobe kumburi, jibi zawo, gata kuma bayan gida ya ɗaure. An je asibiti, an auna jini, an auna bayan gida, an ce ba a ga komi ba. Daga nan sai zato ya shiga, a ce sammu ne, a dinga zubar da dukiya wurin bokaye, har a yanke zumunci saboda zargin da ba shi da tushe. Wani kuwa sai ya ƙaurace wa sallar jam'i, domin yana tsoron alwalarsa ba za ta kai shi sallama ba. Wannan hasara biyu ke nan, ta duniya da ta addini, alhali kuwa akwai mafita.

Likitoci sun san wannan ciwo sarai, suna taƙaita sunansa da haruffa uku, IBS, mu kuwa sai mu ce rikicewar hanji. Bisa ƙa'idar da masana suka daidaita a kanta a shekarar 2016, alamarsa ita ce ciwon ciki mai dawowa aƙalla rana 1 a kowane mako har tsawon wata 3, tare da canji a yawan fita bayan gida ko a kamanninsa. Hanjin kansa ba shi da miki ko ƙari. Abin da ya rikice shi ne saƙon da ke kai da komowa tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, sai hanji ya zama mai saurin jin zafi, motsinsa ya yi gaggawa ko ya yi nawa. Ya fi kama mata, ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya kuma rikiɗa ya zama ciwon daji. Sai dai kada kowa ya yanke wa kansa hukunci, domin tsutsar ciki da atuni da wasu cututtuka masu haɗari sukan zo da irin waɗannan alamomi. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko zawo yana tashinsa daga barci, ko abin ya fara masa bayan ya haura shekara 50, to lalle ne ya gaggauta ganin likita.

Idan likita ya tabbatar rikicewar hanji ce, to babban maganinta yana cikin akushin mai ita, domin har yanzu ba a sami ƙwayar da ke tumɓuke ta gaba ɗaya ba. A nan ne za mu ga hikimar addininmu. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, sa'an nan Ya hana mu wuce iyaka. Tirmizi da Ibnu Majah kuma sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ciki shi ne mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, ya yi umurni a kasa shi uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Abin da likitoci ke faɗa wa mai wannan ciwo bai yi nisa da haka ba: ya ci kaɗan kaɗan a kan lokaci, kada ya wuni da yunwa sa'an nan ya auka wa tuwo da dare, ya zauna ya tauna a natse, ya sha ruwa kamar kofi 8 a yini, ya rage shayi mai kauri da goro da lemon kwalba da yaji da soye-soye.

Game da nau'in abinci kuwa, masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostireliya sun bayyana cewa akwai wasu nau'o'in sukari waɗanda ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su sosai, sai su jawo ruwa, su gangara babban hanji su yi tsami, su haifar da iska da kumburi. Ana samunsu da yawa a albasa da tafarnuwa da wake da alkama da madara da mangwaro da kankana. Ke nan ƙosai da alale da burodi da taliya da funkaso suna cikin abin da za a sa wa ido. Shinkafa kuwa da masara da gero da dawa, da ƙwai da kifi da nama, da karas da gwanda da lemon zaƙi, galibi hanji ya fi karɓarsu. Hanyar da suka tsara ita ce a janye waɗancan na tsawon mako 2 zuwa 6, sa'an nan a dinga maido su ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya, har mutum ya gane wanda ke tayar masa da ciwo. Ya fi kyau a yi haka da shawarar likita. Kada kuma mutum ya haramta wa kansa halal har abada saboda tsoro, ya bar jikinsa ya lalace, domin abin da ya dami Audu ba lalle ne ya dami Tanko ba.

Sa'an nan a sani damuwa da fargaba da rashin barci suna hura wutar wannan ciwo, saboda waccan alaƙa ta hanji da ƙwaƙwalwa. Tafiya da ƙafa kowace rana tana taimakawa, to ga masallaci nan sau biyar. Allah kuma Ya sanar da mu a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa ambatonSa ne ke natsar da zukata.

To, sai maganar alwala, wadda ita ce ta fi damun masu tsoron Allah daga cikinsu. Ƙugin ciki da motsin iska a cikin hanji ba su warware alwala. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an kai wa Annabi kukan mutumin da ke zaton ya ji wani abu yana cikin salla, sai ya hana shi fita har sai ya ji sauti ko wari. Haƙiƙa a mazhabar Imamu Malik shakka a kan hadasi tana wajabta sake alwala, amma malamai sun keɓe wanda shakka ta aure shi, watau tana zo masa kowace rana ko da sau ɗaya ne. Shi wannan sai ya watsar da ita ya ci gaba da sallarsa. Haka kuma idan iska tana fita ba da ikonsa ba, ta lazimce shi rabin lokaci ko fiye, to ya zama mai salisi, alwalarsa ba ta warware ba, sai dai an so ya sabunta ta idan babu wahala. Idan kuwa lokacin ɗaukewarta ya fi yawa, to ya yi alwala a lokacin da ta lafa. Wanda bayan gida ya matse shi, ya fara zuwa ya sauke nauyi, domin Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha hanin yin salla mutum yana matse da bawali ko bayan gida.

Azumi ma haka ne. Mai iyawa ya yi, amma ya buɗe baki da abu mai sauƙi, kada ya tara ƙosai da kankana da lemon kwalba a zama ɗaya, kada kuma ya bar sahur. Ranar da zawo ya tsananta har ya ji tsoron cutuwa, Allah Ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185, ya sha ya rama bayan ya sami sauƙi.

Daga ƙarshe, ina kira ga magidanta da iyaye da maƙwabta. Idan matarka ta ce albasa ko wake na damunta, kada ka ce tsirfa ce. Idan baƙo ya ɗauke hannu daga akushi da wuri, kada a matsa masa. Idan wani ya fita daga sahu, a runtse ido a suturta shi, domin wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Kai kuma mai larura, ka yi haƙuri, ka nemi magani ta hanyar halal, ka dawo cikin sahu, domin ya inganta cewa babu wata wahala da za ta sami mumini face Allah Ya kankare masa zunubai da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu lafiya, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.