Haƙƙin Ɓera Da Lalurar 'Yar'uwarmu

'Yan'uwa mata, a Amurka masu bincike kan yi wa macen ɓera allurar barci, su raunata hanyar fitsarinta irin raunin doguwar naƙuda, sannan su sa mata ƙwayoyin halitta na asali, su ga ko tsokar za ta warke. Da na fara ji, wallahi tsigar jikina ta tashi. Mu da muke karantar da yara hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa! Sai kuma na tuna matan da fitsari ke kufce wa bayan haihuwa, kullum cikin sake alwala, wata ma miji ya ƙaurace mata. A ganina lalura ta halatta wannan, muddin ba a bar dabbar cikin raɗaɗi ba, ba a kuma raunata goma ba inda biyar za su isa.