Ɗan Kasuwa A Kan Kujerar Mulki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mamallakin mulki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Al'amin, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta yawaita a bakin jama'a, tun daga kasuwar Keita har zuwa majalisun Buza da tashar Madawa, cewa in ana neman shugaba to a ɗauko attajiri, domin wanda ya ƙoshi ba zai ci na mutane ba, kuma wanda ya iya juya dukiyarsa zai iya juya ta ƙasa. Ko da yake a nan Nijar naɗa gwamnonin jihohi ake yi, tambayar ta shafe mu, tun da kullum muna ɗora wani a kan kuɗin masallaci, ko rumbun tsimi na gari, ko asusun ƙungiyar manoman albasa. Saboda haka muka ga ya dace mu auna maganar da rayuwar wani maƙwabcinmu Bakatsine, marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa.

An haife shi a Katsina a 1951, a gidan Mutawallin Katsina Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi ministan harkokin Ikko a jamhuriya ta farko. Ya karanta ilimin haɗa sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya koyar a Zariya da Katsina, sa'an nan a 1983 ya ajiye alli ya zama babban manajan kamfanin noma na Sambo Farms a Funtuwa, inda ya zauna har 1989. Daga baya ya zauna cikin daraktocin bankin Habib, ya kuma shugabanci kamfanin ɗab'i na Nation House Press a Kaduna. Ya nemi gwamnan Katsina a 1991 Alhaji Sa'idu Barda ya kayar da shi, sai a 1999 Allah ya ba shi. Ya yi shekara 8 a kai, kafin ya zama shugaban Nijeriya a 2007.

To, me kasuwa ta ba shi wanda ya amfani mulkinsa? Abin da aka fi shaidarsa da shi a Katsina shi ne tsimi da lissafi, har wasu suka kira shi marowaci, domin ba ya son a fara aiki alhali ba a tanadi kuɗinsa ba. Wannan ɗabi'ar manaja ce, wanda ya san cewa kowane buhun taki sai an biya shi, kuma ƙarshen shekara masu hannun jari za su buɗe littafi. Musulunci bai raina wannan ƙwarewa ba. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar da hujjoji biyu, tsaro da sani. Wanda bai iya lissafi ba, ko da mai tsoron Allah ne, ɓarayin da ke ƙarƙashinsa za su cinye baitulmali yana kan buzunsa. A nan masu waccan magana suna da gaskiya.

Amma ayar ta fara ambaton tsaro kafin sani, kuma nan ne maganar tasu ta gaza. Ɗan kasuwa dukiyarsa yake juyawa. In ya ga dama ya yi kyauta da ita, in ya ga dama ya ɗauki ɗan ƙanensa aiki, in ya ga reshe ba ya kawo riba ya rufe shi, kuma shari'a ba ta kama shi da laifi ba. Shugaba kuwa wakili ne a kan abin da ba nasa ba. Kyautar da ta zama karamci a hannun attajiri, a hannunsa ha'inci ce. Ba ya kuma da ikon rufe ƙauye don ba ya kawo haraji. Mu mutanen Adar mun san wannan da idonmu: aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka don tsayar da ruwa a kan fako, ba ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a ciki, domin ribarsa ta jikoki ce. Irin wannan aiki shi ne ainihin aikin hukuma.

Magabata sun gane wannan bambanci tun farko. Sayyidina Abubakar (RA) ɗan kasuwar tufafi ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan an yi masa mubaya'a ya saɓi hajarsa ya nufi kasuwa, sai Sayyidina Umar (RA) ya tare shi, aka yanka masa abin da zai ishi iyalinsa daga baitulmali domin ya bar ciniki, kuma da ajali ya gabato ya yi wasiyya a mayar da abin da ya karɓa. Shi kuwa Umar, in ya naɗa gwamna sai ya sa a rubuta abin da ya mallaka, in ya ga ƙari daga baya ya raba da shi. Ibnu Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima yana bayanin yadda cinikin sarki yake cutar da talakawa ya kashe haraji, domin ba mai iya gasa da wanda doka take hannunsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun zalunci.

Da wannan ma'auni, abin da ya fi girma a tarihin Malam Umaru shi ne bayyana dukiyarsa a fili. Dokar ƙasarsu ta wajabta wa mai mulki ya ba hukuma lissafin abin da ya mallaka, amma ba ta tilasta masa shelanta shi ga jama'a ba. Shi kuwa ya shelanta yana gwamna, ya sake yi a watan Yuni na 2007 yana shugaban ƙasa, aka ga kimanin naira miliyan 856. Da yin haka ya ba talaka igiyar da zai ɗaure shi da ita. Arziƙi bai taɓa hana kwaɗayi ba, kuma hadisi ya tabbatar mana cewa ɗan Adam ba ya ƙoshi da dukiya. Abin da ke tsare hannu shi ne tsoron Allah da yarda a bincike ka.

Adalci kuma ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Zaɓen da ya kawo shi shugabanci a 2007 cike yake da ƙorafi, shi da kansa ya amsa haka ranar rantsuwa, ya kafa kwamitin gyara a ƙarƙashin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Sa'an nan da aka kai shi asibiti a Jidda a watan Nuwamba na 2009, ba a miƙa ragama ga mataimakinsa ba, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har majalisa ta tsoma baki a watan Fabrairu na 2010. Allah ne masanin rabon kowa a cikin wannan lamari, majinyaci kuwa abin yi wa uzuri ne. Darasin dai a bayyane yake, cewa mai kamfani yana iya barin makullai a hannun iyalinsa, amma kujerar jama'a dole a mayar da ita ga masu ita in an kasa, kamar yadda aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarta game da amanoni. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, aka binne shi a Katsina. Allah ya jiƙansa ya yafe kurakuransa.

Saura mu. Mu ne muke cika ƙofar shugaba da bukatun suna da biki, mu kira mai riƙon amana marowaci, mu yi wa mai watsa kuɗin jama'a kirari. Wanda ya nemi a ba shi daga baitulmali abin da ba haƙƙinsa ba, abokin tarayya ne cikin zunubin. Saboda haka muna kira ga rassan ƙungiyarmu da su fara da kansu: duk wanda aka ba ajiya, attajiri ne ko malami, kada ya haɗa kuɗin jama'a da jarinsa ko da niyyar zai mayar, kada ya sayar wa asusun da yake riƙe da hajarsa, kuma ya karanta lissafi a gaban jama'a a ƙarshen kowace shekara ba tare da ya ɗauki tambaya a matsayin zargi ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsaro da sani, ya sa mu zama mabiya masu taimakonsu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.