Nawa ne ladan gobarar da ba ta tashi ba?

Sana'ata wayarin da gyaran wuta, kuma a Kazaure nake zaune. Aiki kan kai ni Roni da Gwiwa, wani lokaci har Babura ta can bakin iyakar Nijar. A cikin dukan ayyukan da ake kira na, babu mai wuyar karɓar kuɗi kamar duba lafiyar wayar gida. In na ɗaura fanka, mai gida ya ga tana juyawa, ba musu zai sa hannu a aljihu. In kuwa na shafe rabin yini ina bin layukan gidansa ɗaya bayan ɗaya, na sauko daga cikin silin na ce komai lafiya, amsar da na saba ji ita ce: "To ai ba ka gyara komai ba, dubawa kawai ka yi." Daga nan sai na goro, ko "Allah ya yi albarka." Shin a ma'aunin shari'a dubawa aiki ne mai lada tsayayye, ko kuwa alheri ne da ake sakawa da godiya?

Sai an san abin da ake yi a dubawar kafin a yanke mata hukunci. Alhakin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, yana tsayawa ne a bakin mita. Daga nan zuwa cikin ɗaki, gida da mai shi ne. Mai dubawa zai kashe wuta, ya buɗe akwatin rarraba layuka, ya ga ko an maye gurbin fiyus da guntuwar waya. Zai duba kaurin kowace waya da nauyin da aka ɗora mata, domin mai milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket na son 2.5, amma sau da yawa za ka tarar da hita ko dutsen guga a kan siririyar. Zai kankare bakin waya ya ga jan ƙarfe ne har ciki, ko alminiyam ne aka yi wa rufi. Zai auna ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ya janye wutar da ta ɓalle, wanda a ƙasa mai duwatsu irin ta Kazaure da Roni, ko yashin Babura da rani, yakan zama yana nan a ido amma ba ya aiki sosai saboda bushewa. Ga haɗin janareta da aka yi ba canjoba, wanda kan mayar da wuta kan layin waje ya kama ma'aikacin da ke kan fal. Ga batiran sola a ɗakin kwanan yara. Duk wannan, a ƙarƙashin kwano cikin zafin watan Afrilu.

Da muna karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure, malaminmu ya daɗe a kan bambancin yarjejeniya iri biyu. Akwai wadda ake biyan mutum a kan sakamako kaɗai, kamar wanda aka ce ya nemo raƙumin da ya ɓata ko ya haƙa rijiya: ba a yanka masa lokaci, kuma ba shi da komai sai aiki ya kammala. Akwai kuma ijara, wadda sharaɗinta shi ne a faɗi lada, a faɗi iyakar aiki ko lokacinsa tun kafin a fara. A ganina rikicinmu da masu gida daga nan ya taso. Su suna auna mu da ma'aunin mai neman raƙumi: kawo abin da ka samo, a biya ka. Dubawa kuwa ijara ce tsantsa. Abin da aka saya shi ne lokacin mutum da iliminsa da na'urarsa, ko ya tarar da ɓarna ko bai tarar ba.

Wani zai ce wannan kare tuwona nake yi. Haka ne, amma tuwon mai gida ma yana ciki. In ya zama ba a biya na sai na samo laifi, to an ɗaura abincin iyalina a kan samun laifi. Wanda ya ƙona mai daga Kazaure zuwa wani ƙauyen Gwiwa, ya san in ya ce lafiya lau hannu rabbana zai koma, shaiɗan bai da wahalar raɗa masa cewa wannan burekar ma ai ta gaji, a sake ta. Mai gida da ya ƙi biyan kuɗin dubawa yakan biya ninkinsa a kayan da ba su lalace ba, bai sani ba. Mai dubawa shaida ne a kan abin da ke ɓoye cikin bango, kuma ba a gina shaida a kan tsarin da gaskiya ke jawo wa mai faɗinta asara. Saboda haka ladan dubawa ya zama daban, tsayayye, kada ya motsa da abin da aka gano. In akwai gyara, a yi sabon ciniki, mai gida kuma yana da damar kiran wani.

Mu ma masu sana'ar muna da namu kason. Kunya ta sa in aka tambaye mu nawa ne, sai mu ce "a ba da abin da ya sawwaƙa." Muna ɗaukar wannan ladabi ne, alhali barin lada cikin duhu shi ne abin da malamai suka ce yana ɓata ijara, domin ƙarshensa ɗaya daga cikin biyun zai tafi da ƙulli a zuciya. In ba a faɗi lada ba aka yi jayayya, hukunci shi ne a koma ga abin da ake biyan irinsa a kan irin aikin. To in kowa a garin na goro yake karɓa, na goron ya zama ma'auni ke nan. Duk wanda ya karya farashi don ya ƙwace aiki, ya rage wa dukan 'yan'uwansa mudu, har da yaran da ke fitowa daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da takardarsu a hannu.

Batun yawan aiki ya fi wannan nauyi. Mai gidajen haya, ko ɗan kwangilar da ya karɓo aiki ya sassaro mana, yakan ce ga gidaje kaza, a gama su yau, kuɗin kowane gida kaza. In ka lissafa, ba za ka fita ba sai ka ruga ta cikinsu a guje. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta kai wajen 1,000, kuɗin zuwa kaɗai yakan cinye rabin ladan. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma mai zaman kansa ba shi da wanda zai ƙara masa. Sai mutum ya shiga gida, ya taɓa soket biyu da abin gwaji, ya ce lafiya, ya wuce na gaba. Surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi ta zargi wanda ke cika awo in zai karɓa, ya rage in zai bayar. Mai aikin da ya karɓi amincin gidaje goma a kan ladan uku ya shiga ciki. Ni ma da na karɓi ladan dubawa na yi leƙe, na shiga. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuɗin bai isa a yi aikin yadda ya kamata ba, halas ɗin shi ne a ƙi karɓa, ko a faɗa a fili cewa layuka kaza kaɗai aka duba, sauran ba a taɓa su ba. Risala ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka tafi da su shagonsu. Mu a gidan mutum muke aiki, sau da yawa a gabansa, amma sakaci ba ya faɗuwa don an yi shi a gaban mai gida, balle a kan abin da shi ba zai iya gane shi ba ko da yana tsaye.

A labarin Annabi Musa a Madyana, an yabi wanda za a ɗauka aiki da ƙarfi da amana, shi kuma dattijon da ya ɗauke shi ya faɗi shekarun a fili, takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Abu uku ke nan a zama ɗaya: amana daga ma'aikaci, iyaka bayyananniya, da rashin ɗora abin da ya fi ƙarfi. Mu mun riƙe na farko muna ta nema a wurin ma'aikata, mun saki biyun da ke tallafe da shi. Hadisin da ke cikin Bukhari kuwa ya lissafa wanda ya ci aikin ɗan ƙodago cikakke ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Akwai wanda da gaske ba shi da shi: bazawara mai marayu, ko manomin da sai kaka yake ganin kuɗi. Ba zan ga waya na narkewa a kan gadon yara in yi shiru don ba a biya ni ba, wannan haƙƙin musulunci ne da maƙwabtaka. Amma sadaka ta mai bayarwa ce, da zaɓinsa. Malamai sun ce abin da aka karɓa ta hanyar jin kunya bai halatta ba, kuma wanda ya gina bene ba ya cikin waɗanda za su nemi aikina fisabilillahi. Ga masu ƙaramin ƙarfi ma akwai hanya: mai unguwa ko kwamitin masallaci ya tara gidajen layi guda, a yi zuwa ɗaya kafin hunturu, lokacin da ake yawan jona hita, kuɗin mai ya rabu a kan kowa.

A Ingila, tun 2020 doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa ƙwararre ya duba wayar gidan aƙalla duk shekara biyar, ya ba ɗan haya rahoton. Mu ma muna da hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa don duba kayan lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, sai dai a ƙauyukanmu abin da ke tsakanin iyali da gobara shi ne mutum ɗaya da jakarsa a bayan babur. Inda idon hukuma bai kai ba, ciniki mai tsabta ne kaɗai ya rage.

Don haka kafin in kwance ƙusa ɗaya nakan faɗi abu uku: kuɗin zuwa, kuɗin dubawa, da yawan gidajen da zan iya a yini ba tare da na ha'inci kowa ba. Wasu kan ce na cika tsada, su kira wani. Suna da wannan damar. Abin da ba su da shi, ni ma ba ni da shi, shi ne mu haɗu mu sa wa leƙen minti goma suna dubawa, alhali akwai mutanen da za su kwana a gidan bisa amincewa da maganarmu.