Hasken Da Farin Wata Ke Ɓoyewa

Karatu: 1 Sarakuna 19:9-13, Amos 5:8

A daren hunturu, idan ka ɗaga kai za ka ga taurari uku a jere cikin ƙungiyar da ake kira mafarauci da kare da zomo, wadda annabi Amos ya ambata cikin ayyukan Allah. Kusa da su akwai wani ɗan haske kamar hayaƙi. Masana suna kiransa nebula ta Oriyon, wato babban gajimare na iskar gas da ƙura inda sababbin taurari ke fitowa. Haskensa yakan yi fiye da shekara 1,300 a hanya kafin ya iso idonmu. Wani likita a Amurka, Henry Draper, shi ya fara ɗaukar hotonsa a shekarar 1880, ya bar kyamara a buɗe wajen minti 50.

Masu ɗaukar irin wannan hoto don sha'awa suna shan wuya a daren farin wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, amma saboda yana kusa da mu, haskensa yakan cika sararin sama har gajimaren ya dushe. Duk da haka ba su fid da zuciya. Sukan sa gilashin da ke tace haske, ya bar na gajimaren ya shiga. Sukan ɗauki hotuna da yawa har tsawon sa'o'i, su haɗa su a kwamfuta. Kaɗan-kaɗan sai kyan abin ya bayyana.

Ƙaunatacce, haka rayuwarmu take. Neman abinci, kuɗin makaranta, waya, da yabon mutane suna kusa da mu ƙwarai. Yawancinsu ba zunubi ba ne, kamar yadda farin wata ba mugun abu ba ne. Amma suna iya rufe mana muryar Ubangiji, har mai bi ya soma zaton Allah ya yashe shi. A dutsen Horeb, Iliya ya ga iska mai ƙarfi da girgizar ƙasa da wuta, sai a bayansu Ubangiji ya yi magana da shi a hankali.

Kada ka jira sai hidimomi sun ƙare kafin ka nemi fuskar Allah, gama ba za su ƙare ba. Bari Maganarsa ta tace abin da ke shiga zuciyarka. Ka keɓe lokaci kowace safiya, ko da minti 15 ne, ka kashe waya, ka karanta, ka yi addu'a. Wata rana ba za ka ji wani canji ba, amma ka ci gaba, domin da yayyafi kogi kan cika.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mani in natsu a gabanka. Kada abubuwan da ke kusa da ni su hana ni ganin ɗaukakarka. Cikin sunan Yesu, Amin.