Haƙƙin Mai Ibada da Haƙƙin Mai Kallo

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Wannan ne ke kwasar miliyoyin mutane duk shekara zuwa birnin Rum na ƙasar Italiya, domin su kashe kwarkwatar idanunsu da tsofaffin majami'u da maɓuɓɓugan ruwa. Sai dai akwai tambayar da ta kamace mu: idan wurin da aka gina domin ibada ya zama wurin kallo, haƙƙin wa ke gaba?

Mu ɗauki ginin Fantiyon. Sarki Hadiriyan ne ya kammala shi wajen shekarar 125 Miladiyya, aka mayar da shi majami'a a 609, kuma har yau ana ibada a cikinsa. A 2023 aka sanya wa baƙi kuɗin shiga Yuro 5. Haka Majami'ar Bitrus, wadda aka shafe daga 1506 zuwa 1626 ana gina ta. A cikinta za a tarar da mai addu'a durƙushe, ga ɗan yawon buɗe ido tsaye a kansa yana ɗaukar hoto.

Wasu za su ce ai kuɗin baƙi ne ke riƙe da waɗannan gine-gine, kuma maganarsu da ƙamshin gaskiya. A maɓuɓɓugar Tirebi da aka kammala a 1762, sulallan da baƙi ke jefawa cikin ruwa ana kwashe su a miƙa wa ƙungiyar Caritas, ita kuma ta ciyar da mabukata. Ashe kallo ma yana iya haifar da alheri.

Amma kuɗin shiga izinin tsallaka ƙofa kawai yake saya. Alfarmar wuri tana hannun waɗanda suka raya shi da ibada tsawon ƙarnuka, ko da addininsu ya saɓa da namu. Shi ya sa hukumar Majami'ar Bitrus ke mayar da duk wanda ya zo kafaɗu ko gwiwoyi a buɗe, kuma ba mu ga laifinta ba. Baƙo raɓa ne, gobe zai wuce ya bar masu gida da ɗakinsu.

Saboda haka, a ganinmu haƙƙin mai ibada shi ne a gaba. Idan muka shiga irin waɗannan wurare, mu sassauta murya, mu suturta jiki, mu kauce wa mai addu'a, kamar yadda za mu so baƙo ya yi in ya shigo namu wurin ibada.