Baƙin Ciki Ba Ya Ƙoshi da Tuwo

Likitoci sun daɗe suna kiranmu a rage ƙiba saboda hawan jini da ciwon suga, kuma da yawa sun amsa kiran. Sun rage tuwo, sun bar lemon kwalba, sun dinga tattaki bayan asuba, har sutura ta fara yi masu yawa. Amma a leƙa su bayan shekara guda. Ƙibar ta dawo, wani lokaci har da riba. Nan take mu yanke hukunci: wane ba shi da himma, wance kwaɗayi ya yi mata yawa. Wannan hukunci akwai zalunci a cikinsa.

Da farko, jikin ɗan Adam ba ya yarda da ramar da aka sa shi cikin sauƙi. A shekarar 2011 masana a birnin Melbon na Ostireliya sun wallafa sakamakon bibiyar da suka yi wa mutum 50 da aka ɗora kan tsarin rage abinci na mako 10. Shekara guda bayan sun rame, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da, leptin mai sanar da ƙoshi kuma yana ƙasa. Wato wanda ya rage ƙiba ya fi jin yunwa fiye da lokacin da yake da ƙibarsa. A kan wannan sai a ɗora damuwa. Idan ɓacin rai ya daɗe, jiki yana yawaita fitar da sinadarin kotizol, shi kuwa zaƙi da maiƙo yake sa mutum marmari. Shi ya sa ba a taɓa jin wanda ransa ya ɓaci ya tashi neman kwaɗon zogale ba; cincin yake nema, da fanke, da shayi mai kauri.

Wannan yunwa ta zuci tana da alamun da ke bambanta ta da yunwar ciki. Ta ciki a hankali take zuwa, kuma ko ɗumame aka ba ta za ta karɓa. Ta zuci kuwa farat ɗaya take faɗowa, bayan cacar baki da maigida, ko saƙon mai bin bashi, ko zaman kaɗaici da dare. Abu ɗaya tak take so, ba ta san ƙoshi ba, kuma idan ta tafi nadama take bari.

A nan ne laifinmu yake, mu al'umma. Mun koya wa mutane haɗiye damuwa. Mace ta kawo kukanta gida, a ce ta yi haƙuri ta koma, zaman aure ɗan haƙuri ne. Magidanci kasuwa ta juya masa baya, ba shi da wanda zai gaya wa don kada a ce ya cika raki. Muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ga shi mutane sun riƙe sirrin, sun kuma bi shi da tuwon. Haƙuri ibada ne, babu mai musun haka. Amma hana mutum faɗin abin da ke cinsa ba haƙuri aka koya masa ba, shiru aka tilasta masa.

Sannan bakinmu biyu ne a kan ƙiba. Amarya ta yi ƙiba mu ce hutu ya karɓe ta, har wasu 'yan mata ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don kada a ce ba a kula da su. Ta haihu biyu ƙibar ta zarce, mu koma yi mata gori a gidan biki. Ta dage ta rage, mu tare ta da tambaya: lafiya kuwa, ko wani abu ke damunki? Ta zo gidanmu ta ce ta ƙoshi, mu ce ta raina mana abinci.

To, me ya kamata? Wanda yunwar ta taso masa ba a kan lokaci ba, ya dakata minti 10 ya tambayi kansa abin da ya faru kafin ta zo. Ya sha ruwa, ya yi alwala, ya fita ya taka, ko ya kira wanda ya yarda da shi. Kada ya tara kayan maƙulashe a ɗaki yana cewa na yara ne. Kada ya yi wa kansa horon yunwa da rana, domin da dare zai rama. Ya samu barci isasshe, don ƙarancinsa ma yana ƙara yunwa. Idan kuma ya zame rana ɗaya, ya ci gaba washegari, ba sai ya jira wani azumin ba.

A Amurka akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 kuma suka riƙe hakan shekara guda ko fiye. Yawancinsu suna karya kumallo, suna hawa sikeli a kai a kai, suna motsa jiki kusan awa guda kullum. A cikinsu ma, masu ci saboda abin da ke ransu sun fi saurin komawa gidan jiya.

Wanda baƙin cikinsa ya wuce mako biyu, ya hana shi barci da walwala, ko yake ci a ɓoye har ya kasa tsayawa, ya je asibiti. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne.

Malamai, ku sa wannan a wa'azi. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi, tana hannunku. Iyaye da mazaje, ku saurari kukan na ƙasa da ku kafin ku ce a yi haƙuri. Ku kuma masu karɓar baƙi, idan baƙo ya ce Alhamdulillahi ya ƙoshi, don Allah ku ɗauke kwanon.